Shekara goma ina ɓoye Yesu a bakin tukubar agashe

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na daɗe ina so in rubuta wannan abin amma duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, don shaidata ba irin wadda muka saba ji a coci bace. Tamu ta gida kun santa ai, mutum zai tashi ranar Lahadi yace da ina shan giya ina bin mata, sai na karɓi Yesu, yanzu duk na bari, a tafa masa ya zauna. Ni tawa a birkice take. Sai da na karɓi Yesu, aka yi min baftisma a rafi, na yi shekaru ina waƙa a kwaya, sannan na tafka abubuwan da zan faɗa muku.

Ni Bahaushe ne daga kudancin Katsina, wajajen Malumfashi, cikin mutanen da ake ce mana Maguzawa. Kakana ne ya fara bin 'yan mishan, babana ya tashi a ECWA, mu kuma a ciki aka haife mu. Mishan ɗin da ya kawo mana bishara SIM ne, wato Sudan Interior Mission, su Bingham da suka sauka Legas a 1893, kuma da Sudan a cikin sunansa, muna yara muna jin dattawa na cewa Sudan Sudan bamu san me suke nufi ba, ballantana in san wata rana zan tsufa a ƙasar da ake kira haka.

A 2012 ni ne ma'ajin matasa. Muna tara kuɗin kwanon rufin sabon coci, kuɗin noman gayya da muka yi da baiko na musamman da abin da matan zumunta suka ƙara mana. Sai shaiɗan ya raɗa min, ko kuma ince son zuciyata don kullum shaiɗan muke ɗora wa, cewa kuɗi na kwance a akwati ba amfani, bari in juya su kafin lokacin sayen kwano. Na ba wani abokina mai harkar taki, taki bai zo ba abokin ma bai dawo ba. Ranar da dattawan ikilisiya suka ce in kawo littafi da kuɗi ranar Asabar, daren Juma'a na bar gari ko mahaifiyata ban sallama ba.

Lokacin ana ta labarin zinariya a Sudan. Na bi ta Nijar na shiga Chadi, Injamena, Abeche, Adre, na tsallaka Janaina, tsohuwar hanyar alhazan ƙafa kenan. Na je har wajajen Abu Hamad a arewa inda ake haƙa, lissafina in samu ko ɗan dunƙule ɗaya in koma gida in zube wa dattawa kuɗinsu harda riba su ji kunya. Abin da na samo tari ne da ƙurar dutse da warin zaiba. Na gangaro Kartum aljihu wayam.

A kudancin Kartum na haɗu da mutumin da har yau nake kira Baba Alhaji. Mai agashe ne, tsire kenan irin namu da ƙuli da yaji, wanda duk Sudan sun san sana'ar Hausawa ce. Shi haifaffen Mai Wurno ne kusa da Sinnar, kakansa na cikin mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo ɗansa har bakin kogin Nilu. Bai taɓa taka Najeriya ba amma Hausarsa ta fi tawa tsufa, akwai kalmomin da rabona da jin su tun bakin kakata. Ya ganni zaune kusa da tukubarsa ina kallon nama, yace yaro daga ina, nace Katsina, yace sunanka, na faɗa. Sunana irin na annabawa ne da Musulmi da Kirista duk suna sawa. Bai tambayi addinina ba, wa zai tambayi Bakatsine addininsa a Kartum. Ni kuma ban faɗa ba.

Da farko cewa nake ai ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi. Amma shiru bai tsaya a shiru ba. Ranar da aka kira magariba muna tare da baƙinsa, kowa ya tashi ya ɗauki buta, ni ma na ɗauka. Na shiga sahu. Ina kallon na gefena ta wutsiyar ido ina yin abin da yake yi. Daga ranar kuma ba fita, don in ka yi yau gobe me zaka ce. Azumi ya zo na yi, ko ince na yi a gaban mutane. Kuma ina so ku gane, ba wanda ya tilasta min, ba wanda ya ɗaga min murya. Mutanen nan sun bani ɗaki sun bani abinci, matar Baba tana ajiye min asida, tuwonsu kenan, ta dare ko na yi latti. Ni ne na yaudare su, kuma na raina sallarsu da na mai da ita wurin ɓuya.

A 2014 aka yi shari'ar Maryam Yahya Ibrahim, matar da kotu a Kartum ta yanke wa hukuncin kisa kan ridda tana da ciki, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. Wannan labari ya shige ni sosai, nace to yanzu in na buɗe baki cewa za a yi na yi ridda tunda an ganni a sahu. Sai na samu hujja mai kyau na rungume. Amma Bashir ya faɗi a Afrilun 2019, a Disambar shekarar aka ba da hutun Kirsimeti a hukumance, a Yulin 2020 aka soke dokar riddar gaba ɗaya, ni kuwa ko motsi ban yi ba. Ashe ba kotu nake tsoro ba, tuwona nake tsoro da idon mutane.

Akwai wata mata mai shayi da take kafa kujerunta kusa da mu, 'yar duwatsun Nuba, babba ce ta haife ni, Hala nake ce mata wato inna. Wani dare kasuwa ta yi sanyi ina fifita garwashi, ban san ina rera wata waƙar kwaya a hanci ba. Ashe muryar waƙar ɗaya ce da wadda suke yi a cocinsu, kalmomin ne kawai daban. Sai ji nayi ta ɗauki amshi a hankali da yarensu. Jikina ya mutu. Ta matso da kofin shayi ta ajiye min tace ɗana, kai Masihi ne, wato Kirista. Nace a'a Hala, a rediyo na ji. Ta kalle ni tace rediyon nan ya iya koyarwa. Bayan kwana biyu ta sake, na sake musu, harda rantsuwa. Wanda ya yi ajin baftisma ya san wane ne ya tsaya yana jin ɗumin garwashi wata mata ta tambaye shi ya ce bai san mutumin ba. Ni ma na sani, a daren na sani, sai dai shi Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, ni kuwa juya nama na ci gaba da yi don akwai mai jiran na fam hamsin.

Ita Hala ba waliyya bace, kar ku ɗauka. Shayi da rana ne, a gida kuma aragi take dafawa, giyar dabino, da shi ta riƙe 'ya'yanta da jikoki tunda mijinta ya mutu. An sha kwashe ta a kasha, wato samamen 'yan sanda, lokacin dokar Bashir, ta biya tara ta kwana a ɗaure ta dawo ta ɗora tukunya. Cocinsu sun sa ta a horo, bata cin Jibin Ubangiji, tana zama a bencin baya. Ga baki, in ta zagi mutum sai ya nemi wurin zama. Ni a raina har ina ganin na fi ta, ina cewa ai ni ko ba komai bana sayar da giya. Ku ji fa, ɓarawon kuɗin coci mai musun Ubangijinsa yana auna wata. Alhali ni ma na sha aragin nata ba sau ɗaya ba, a ɓoye, duk daren da tunanin mahaifiyata ya hana ni barci.

Abin da na gaskata a shekarun nan shi ne Allah ya rufe fayil ɗina. Ban daina yarda akwai shi ba, ban daina yarda Yesu ya mutu ya tashi ba, amma na ɗauka alherin nan na masu zunubi ne kafin su tuba, wanda ya riga ya sani ya taka da gangan kuma nasa ya ƙare. Addu'a ma bana yi, kunya nake ji, ina ganin rashin ta ido ne.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Mun sayi nama da yawa don kasuwar dare. Da safe muka ji harbi ta wajen filin wasa na kudu da filin jirgi, muka ce zuwa la'asar zai lafa, kowa haka ya ce. Wuta ta ɗauke, ruwa ya ɗauke, naman nan muka gasa muka raba wa maƙwabta kafin ya lalace. Sojoji na sama da jirage, 'yan Da'ama, wato dakarun RSF da suke yaƙi da su, na ƙasa cikin unguwanni. Ƙarshen watan gwamnatin Najeriya ta kawo motoci aka kwashi ɗalibai daga jami'ar Afirka zuwa iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan. Na je har kusa da wurin na tsaya daga nesa na juyo. Takarduna sun daɗe da mutuwa, wannan gaskiya ne, amma babbar gaskiyar ita ce jirgin Abuja zai sauke ni, daga Abuja kuma sai gida, ni da na gwammace harsashi da fuskar dattawan nan.

A makonnin nan ne na ga abin da har yau nake juya shi. Kasuwa ta mutu, bankuna a rufe, sai mai Bankak, manhajar banki, a waya ke iya sayen wani abu. Hala ta fito da manyan tukwanen da take dafa aragi, ta wanke su da toka, ta kafa murhu a ƙofar gidanta ta fara dafa adas, wani irin ƙaramin wake, da balila, wato dafaffen hatsi. Samarin unguwa suka shiga tara abin da aka samu, wannan kofin wake wancan ɗan mai, irin abin da ake kira takiyya da daga baya ya cika Kartum. Limamin unguwa da kansa ya aiko da buhun gari, ya san tukwanen na mene ne, kowa ya sani. Ni aka ba aikin wuta tunda sana'ata ce. Kullum kafin ta buɗe tukunya sai ta ɗora hannu a murfi ta yi addu'a da ƙarfi cikin sunan Yasu, mutane na layi da kwanoni ba mai cewa komai. Addu'arta ba irin ta fastoci bace. Cewa take ya Rab ka san ni, ka san abin da na dafa a tukunyar nan, to yau yaran nan yunwa suke ji, kar ka duba ni ka duba su. Wani lokacin tana gama amin take juyawa ta zagi wanda ya tsallake layi.

Wata rana aka jefa bam bayan layinmu, muka kwanta ni da ita a bayan katanga ƙasa na zubo mana. Bansan sanda bakina ya kama Addu'ar Ubangiji da Hausa ba, da ƙarfi, Ubanmu wanda ke cikin sama, abin da rabona da shi tun gida. Da ƙura ta lafa ta kakkaɓe zanenta tace wannan ma a rediyo ka ji? Na fashe da kuka kamar yaro. Na faɗa mata komai, kuɗin kwano, sahu, rantsuwar da na yi mata. Ina jira ta yi min wa'azi. Tace to ka gama? Tashi wuta zata mutu. Da yamma ne muna wanke tukwane tace min, ɗana ni shekara nawa ina bencin baya, ban taɓa jin an ce ya kore ni daga ɗakin ba, su dattawa burodi suka hana ni kuma suna da gaskiyarsu, amma shi da ya mutu domina ya san ni mai aragi ce tun kafin ya hau gicciye. Bata iya karatu ba, bata san Bulus ya rubuta kusan haka a Romawa sura 5 ba, cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ni da na haddace ayar a Sande Sukul na ci kyautar fensir da ita ban taɓa tunanin ta shafi wanda ya yi zunubinsa bayan baftisma ba.

Da abin ya yi tsanani Baba Alhaji yace mu tafi Madani, wani birni kudu da Kartum. A hanya shingaye ne ba iyaka. A wani shingen aka sauke mu, wani yaro da bindiga da bai kai ƙanena ba yace ina takardar wannan, ya ji Larabcina ya san baƙo ne, kuma a lokacin baƙo mara takarda komai na iya samunsa. Baba ya sauko da sandarsa yace ɗana ne, ni na raine shi, in zaka tafi da shi haɗa da ni. Suka karɓe wayoyinmu da ɗan kuɗin da ke jikinmu suka ce mu wuce. Madani ma bata daɗe ba, a Disambar 2023 ta faɗi ana saura kwanaki Kirsimeti, muka sake kwasa zuwa Mai Wurno gidan 'yan'uwansa.

A can ne na kasa riƙewa. Mutum ya sa wuyansa domina ina ci masa tuwo da ƙarya. Wani dare bayan isha yana zaune a angarib, gadonsu na igiya, na durƙusa nace Baba ina da magana, ni Kirista ne, tun ranar da ka ganni. Ya daɗe bai ce komai ba yana jan carbi. Sai yace yaro, shekara nawa muna tare, ka taɓa ganin na miƙa maka wuƙa nace yanka rago? Nace a'a. Yace tun makon farko na sani, wanda aka haifa cikin salla ba ya wanke ƙafa kafin fuska. Nace to Baba me ya sa baka kore ni ba. Yace yunwa ce ta kawo ka ba addini ba, kuma ina ta jira ko Allah zai shirye ka ka yi ta gaskiya, har yanzu ma ina roƙa maka. Sannan ya ɗaure fuska yace amma abin da ya ɓata min rai shiga sahun da kake yi, salla ba wasan yara bace, daga yau kar in sake ganinka da buta sai in ka yi niyya. Na ce na ji Baba, ka yafe min. Yace je ka kwanta gobe akwai ɗiban ruwa.

Ba kowa ne ya ɗauke ta kamar shi ba. Wani ɗan ƙanensa ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni, matar Baba ta yi kwanaki bata amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba, ita da take tashina sahur. Daga baya ta sauko, amma wasan da muke yi da da bai dawo kamar da ba.

Ƙarshen Yunin 2024 Sinja, babban birnin jihar da muke, ta faɗi, muka gudu Gadarif cikin damina, taɓo har gwiwa. Nan muke har yanzu, Hausawa da yawa a garin, mun kafa 'yar tukuba. Nan na fara shiga coci, wani ƙarami da ake sujada da Larabci, yawanci 'yan Nuba da 'yan gudun hijira irina. Na samu faston na zayyana masa komai nace ya sa ni a horo. Yace horo na wanda ya ƙi tuba ne, kai kuma shekara goma ka yi kana horon kanka ba wanda ya aike ka. Ya buɗe min Galatiyawa sura 2, inda Bulus ya tsawata wa Bitrus a Antakiya a gaban jama'a don ya janye daga cin abinci da al'ummai saboda tsoron mutane. Yace duba, wannan bayan Yesu ya tashi ne, bayan ya tambaye shi kana ƙaunata har sau uku, bayan Fentikos, mutumin ya sake jin tsoron ido, kuma ba a karɓe masa tumakin ba. Gaskiya wannan wurin ya fi taɓa ni fiye da labarin zakara, don ni matsalata ba faɗuwa ɗaya bace. Amma yace kafin ka zo teburin Ubangiji akwai mutanen da ka ci wa kuɗi, kira su.

Sai da na yi makonni ina kewaya lambar. Da na kira, ƙanwata ta ɗauka ta yi ihu, sun daɗe da ɗauka na mutu a sahara. Babana ya rasu a 2017 ban sani ba. Mahaifiyata da aka bata wayar bata yi min faɗa ba, tambaya take ta yi ko ina cin abinci. A bakin ƙanwata na ji cewa bayan tafiyata ta sayar da awakinta ta kai wa dattawa, suka ƙi karɓa suka ce ba ita ta ci ba, ta ajiye a cikin baiko ta fita. An rufa cocin daga baya da taimakon wata ikilisiya.

Dattawa sun zauna a kaina, aka sa ni a sifika. Sun ce sun yafe. Sai wani tsoho a cikinsu, wanda ya koya mana ajin baftisma, yace yafiya daban bashi daban, kuma ba za a lissafa da nairar 2012 ba don wannan kuɗin yanzu ko kwano nawa ba zai saya ba, bandir nawa kuɗin zai saya a lokacin, shi zaka biya, za mu rufa ajin yara da shi. Raina ya ɓaci sosai, na kashe waya ina cewa mutum na cikin yaƙi ana masa lissafin bandir. Kwana biyu ina fushi. Amma tsohon yana da gaskiya, kuma shi kaɗai ne a cikinsu yake kirana duk wata yaji lafiyata.

Kar wani ya karanta wannan ya ɗauka yanzu na zama wani abu. Har yanzu in sabon kwastoma Bahaushe ya ce min Malam zo mu yi salla, harshena nauyi yake yi, wani lokacin in ce ni Kirista ne, wani lokacin in ce je ka ina zuwa. Satin da ya wuce ma na yi. Aragi na bari amma rannan da aka ce min wani yaron da muke dafa adas tare ya mutu na nema, Allah ya sa ban samu ba, ba ƙarfina bane. Ina cin Jibi yanzu, hannuna na rawa duk sanda na miƙa. Hala tana Kosti wurin 'yarta tana sayar da shayi, mun yi waya, tace dabino ya yi tsada shi ya sa ta daina dafawa kar in je ina ba da shaida a kanta.

Tunda sojoji suka karɓe Kartum a Maris 2025 Baba Alhaji ke maganar komawa ya ga abin da ya rage na gidansa, yace in shirya in raka shi don ƙafarsa bata da ƙarfi yanzu. Mahaifiyata kuma tace in dawo ko da rigar jikina ce. Na ce mata sai na kai Baba na ga ya zauna, kuma in rage bandir ɗin nan, na biya kusan rabi, canjin fam zuwa naira ne ke cinye ni.